Allurar Baba Tamanin

Takardar cin tara ta huɗu ta iso gidan ranar Talata, kuma Allah ya rufa wa Auta asiri, shi ya fara cin karo da ita a bakin ƙofa. Ya buɗe. Ga hoton motar Baba ta baya, ga kwanan wata, ga lambar gudun da kyamarar kan titi ta rubuta: tamanin da tara, a inda doka ta ce tamanin. Ranar da aka ɗauki hoton nan Baba yana gida a kan kujerarsa ta roba, ko makulli ba shi da shi. Auta ne a kan sitiyari, kuma ko a gaban wa zai rantse cewa idonsa na kan allurar gudu, tana zaune daram a kan tamanin.

Ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu, ya waiga ko wani ya gan shi.

To, sai kun san Baba kafin ku gane abin da ya kaɗa hantar Auta. Shekara arba'in da ɗaya Baba yana tuƙi, tun yana jan motar kamfani har ya yi ritaya ya sayi tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Da ita yake ɗauko ƙwai kullum da safe daga wata gonar kaji a bayan gari, ya rarraba wa masu shaguna. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Tamanin, saboda ko titin ya zama babu kowa sai shi da tsuntsaye, allurarsa ba ta wuce nan. In aka tsokane shi sai ya ce, "Ƙwai ba ya son gaggawa, rai ma haka." Bai taɓa buge ko akuya ba. Lasisinsa kuwa yana cikin leda biyu, kamar takardar gado.

Wata huɗu da suka wuce tayoyin motar suka suɗe. Auta, ɗansa na ƙarshe, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ya ce shi zai saya masa sababbi kyauta. Baba ya yi murna har da sa albarka. Ya yage gefen kwalin ƙwai ya rubuta lambar taya da biro, ya ce, "Wannan lambar, ba wata ba." Da Auta ya je wurin mai taya, sai ya tarar waccan lambar da tsada, ga wasu kuma manya, masu kauri, masu ban sha'awa, an karya kuɗinsu saboda sun daɗe a shago. Mai taya ya ce za su shiga. Suka kuwa shiga. Auta ya jefar da guntun kwalin a kwandon shara, ya koma gida mota tana wani tsayi kamar an yi mata sabon takalmi.

Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna, ya ce, "Wannan ba lambar da na rubuta ba ce."

"An daina yin waccan, Baba. Wannan ce madadinta, duk ɗaya ne."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta fito masa sumul ko tuntuɓe bai yi ba. Baba ya dube shi, ya dubi tayar, ya ce, "To, ku ne masu karatu." Araha dai ba ta ado, amma ranar ta yi wa Auta, domin Inna har guɗa ta yi masa.

Bayan wata biyu takardun cin tara guda uku suka faɗo a mako ɗaya. Yaya, babbar 'yarsu, wadda take aikin jinya, ta kira taro a falo. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne, don ta ga abin da titi ke kawowa asibiti. Ta ce shekaru sun ja, ido yana raguwa ba tare da mai shi ya sani ba. Baba ya rantse bai taɓa wuce tamanin ba. Ya sake rantsewa. Can sai ya juyo wajen Auta ya ce, "Ko dai tayoyin nan..."

"Haba Baba, kar ka ɗora wa taya laifi. Kyamara ba ta ƙarya."

Da ƙarfi Auta ya faɗa, har Inna ta ɗago kai. Baba ya laluba aljihu, ya ciro makullin, ya ajiye a kan tebur kusa da rimot ɗin talabijin. Aka yanke cewa Auta ya riƙa zuwa makaranta da motar don kada ta lalace a tsaye. Gonar kaji ta ba wani direba aikin ƙwai.

Yaya ta kai Baba wurin likitan ido. Likita ya ce idon nan lafiyarsa ƙalau, da yawan matasa ma ba su kai shi ba. Kuna tsammani Baba ya yarda? Ina! Cewa ya yi, "Likita bai ga takardun ba." Ya je da kansa ya sayo tabarau a kasuwa, ya rataya a wuya da igiya. Mutumin da yake hango rami a titi tun kafin fasinja ya gama hamma, shi ne yanzu zai kalli agogon bango ya ce, "Auta, ƙarfe nawa ka gani? Ni huɗu da rabi nake gani, amma duba min." Kuma huɗu da rabin ne. Kullum daidai yake faɗa, kullum kuma sai ya tambaya.

Wannan tambayar ce take ci wa Auta tuwo a ƙwarya tun kafin takarda ta huɗu. Da ta zo kuwa, sai ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta ya nufi layin masu kayan mota. Ya ji malaman ofis suna cewa akwai 'yar na'urar GPS da ake liƙawa a dashbod, gaban direba, tana nuna gudun mota ba tare da ta tambayi motar komai ba. Ya shiga wani shago mai ƙunci, wayoyin caja suna reto daga rufi, warin sabuwar roba ya cika ko'ina. Mai shagon wata mace ce mai jiki, da biro a bayan kunne, bakinta kuwa ba ya hutawa.

"Malam, taswira kake so ko gudu kawai?"

"Gudu kawai."

"To ka huta da wannan." Ta ture wata babba mai faɗin littafi gefe. "Wannan har magana take, ta ce maka juya dama, juya hagu, kamar ka ɗauko surukarka a gaba. Kuɗinta ma haka yake da baki. Wannan kuma," ta ɗauko wata baƙa mai lebur, "haska lambar take a jikin gilashin gaba. Samari na sonta. Amma rana ta take, sai ka yi ta ƙifta ido kana neman lamba har ka hau bayan wani."

"Waya fa? An ce waya ma tana yi."

"Tana yi mana. Ka ajiye ta a dashbod awa ɗaya ta yi zafi kamar dutsen guga, kira ya shigo lamba ta ɓace. In kai kaɗai ne, gwada. In babba za ka saya wa, kar ka fara."

Bai ce mata babba zai saya wa ba. Shi kansa bai gama sanin wa zai saya wa ba.

Ta jawo wata ƙarama daga ƙasan kanta, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Babu taswira, babu murya, sai manyan lambobi kore. A soka wayarta a ramin caja, a liƙa ta da ɗan gam ɗin da ke gindinta, shi ke nan. Ta ce in an kunna sai an ba ta minti ɗaya ko biyu ta nemo tauraron ɗan Adam, in an shiga ƙarƙashin gada mai tsawo takan ɗan rikice, in an fito ta dawo hayyacinta. Ita ce mafi araha a shagon.

Auta ya juya ta a hannu, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ba don sauƙin kuɗin ba, a'a. Wani tunani ne mara kunya ya raɗa masa cewa abu mai arha irin wannan ai ba shaida ba ne. In ta nuna abin da ba ya so, sai ya ce kayan banza ce, ya jefa a aljihun mota ya manta.

"Amma irin wannan mai arhar tana kuskure, ko?" Har da fata a muryarsa.

Matar ta kwashe da dariya. "A gudu? Da mai tsada da mai arha duk tauraro ɗaya suke tambaya, Malam. Sai dai ta yi kuskuren ɗaya ko biyu. Roba ce mai arha, ba lissafin ba. Allurarka ce ta mutu?"

"A'a. Tana aiki."

"Tana aiki kake neman wannan?" Ta zare biron daga kunne ta nuna shi da shi. "To taya ka canza. Ka sa manya, ko? Rabin masu shigowa nan haka ne. Allura juyin taya take ƙirgawa, ba ta san ka ƙara mata girma ba. Taya ta ci ƙasa da yawa, ita tana nan tana ba ka tsohon labari."

Kunya ta rufe Auta tun daga wuya har kunnuwa. Wai shi ake wa wannan bayani! Shi da a makon nan ya shiga aji da tayar keke, ya shafa mata alli, ya gangara ta a ƙasa don ɗalibai su ga yadda kewayen da'ira ke ƙaruwa in faɗinta ya ƙaru. Ya biya bai ko nemi ragi ba, har matar ta bi shi da kallo.

Ya liƙa na'urar a dashbod, ya hau doguwar hanyar bayan gari, wadda Baba ke bi zuwa gona. Lambobin kore suka yi ta ƙyaftawa, can suka tsaya. Allura ta ce arba'in, na'ura ta ce arba'in da huɗu. Allura ta ce sittin, na'ura ta ce sittin da bakwai. Ya taka totur a hankali, yana roƙon abin da ya san ba zai samu ba. Allura ta hau tamanin ta zauna. Tamanin da tara.

Gaskiyar magana, ba yau ya sani ba. Tun ranar falo ya sani, shi ya sa ya ɗaga murya.

A hanyar dawowa ya tsaya a gaban shagon mai taya, bai kashe mota ba. Dabarar a fili take: a cire manyan, a sa lambar Baba, gobe ya ce wa mutanen gida allura ce ta lalace ya kai an gyara. Baba ya karɓi makullinsa, Yaya ta ba da haƙuri, kowa ya huta, shi kuma ya fita fes har da ladan gyara. Mai taya ya hango shi ya ɗaga hannu. Auta ya ɗaga nasa. Sai ya tuna Baba da kansa yake duba motar nan duk Asabar, ya san kowane ƙusa a jikinta. A ce masa allurarsa ta lalace bai lura ba, ai an sake ce masa makaho ne da wasu kalmomin. Kuma abin da ya fi, mutumin ya faɗi daidai a gaban iyalinsa aka toshe masa baki. Auta ya sa giya ya wuce.

Kwana biyu na'urar tana aljihun mota, shi kuma yana cin abinci kamar mai tauna takarda. Ranar Juma'a Baba ya miƙo masa kwalbar magani ya ce, "Biyu aka rubuta ko uku? Ni biyu nake gani." Biyu ne. Auta ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Asabar da safe ya ce, "Baba, zo ka raka ni, akwai ƙarar da nake ji a mota."

Da ƙara aka kama shi, don Baba ba ya jin an ce motarsa na ƙara ya zauna. Ya shiga gefen fasinja, tabarau na reto a ƙirjinsa, ya ga abin da aka liƙa a dashbod.

"Wannan kuma fa?"

"Gudu take nunawa. Daga sama take aunawa, ba ruwanta da mota."

Baba ya ce, "Uhm."

Da suka fita gari Auta ya gangara gefe, ya fito, ya zagayo ya buɗe ƙofar Baba. "Sai kana tuƙi za ka ji ƙarar."

"Yayarka ta sani?"

"Ba kowa a hanya, Baba. Ina gefenka."

Baba ya daɗe yana kallon sitiyarin kafin ya zagaya. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bisimilla. Ya tayar da motar lafiya lau, amma ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ya tura wuya gaba kamar ɗan koyo, ya tsaya a kan arba'in. Wata motar yashi ta danna musu ham ta wuce. Auta ya ji kamar ya buɗe ƙofa ya faɗa titi. Shi ya mai da Tamanin haka, shi da bakinsa.

"Ƙara wuta, Baba."

Hamsin. Sittin. A hankali kafaɗun Baba suka sauka, hannu ɗaya ya koma kan giya inda ya saba zama.

"Ƙara. Kai ta inda ka saba."

Injin ya kama muryar da Auta ya sani tun yana yaro.

"Me allura ta ce, Baba?"

"Kai za ka faɗa min. Ni me na sani?"

"Don Allah karanta."

"Tamanin nake gani."

"Tamanin ne. Koren fa?"

Baba ya saci kallo. Ya mai da ido titi. Ya sake kallo. "Tamanin da tara."

Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya kunna sigina duk da babu kowa a bayansu, ya gangara gefen hanya ya ja birkin hannu. Ya fita, ya tsuguna a gaban tayar gaba, ya bi lambar da ke jikinta da babban yatsa. Tabarau na nan a ƙirjinsa bai taɓa shi ba.

Auta ya zo ya tsaya a kansa, sai ya ga tsayuwar ba ta dace ba, ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Ba a daina yin lambarka ba, Baba. Tana nan a shagon. Waɗannan sun fi arha ne, na ga sun fi kyau, na yar da takardarka. Ranar falo kuma na san gaskiya ka kama. Tsoro na ji kar Yaya ta ce kyautar tawa ce ta jawo." Ya ciro takarda ta huɗu, duk ta yamutse. "Wannan ni aka ɗauka. Ina kan tamanin."

Baba ya karɓa ya karanta har ƙasa, da ƙananan rubutun da komai.

"Na faɗa," in ji shi, a hankali, kamar da tayar yake magana.

"Ka faɗa, Baba."

"Ban ƙarasa ba ka tare ni."

"Na tare ka. Ka yafe min."

Wata mota ta wuce, iskarta ta kaɗa musu riguna. Baba ya dafa tayar ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa.

"Aikin ƙwai ba komai ba ne, wanda aka ba shi ma yana da iyali. Makulli ma ƙarfe ne. Amma wata biyu, Auta. Wata biyu in na kalli fuskar uwarku sai in ce, ko ita ma ba haka take ba, ni ne nake ganinta haka? In na zuba ruwa a kofi sai na sa yatsa. Na yarda da kai fiye da idona, saboda ban taɓa zaton akwai abin da zai sa ka bar ni a cikin wannan ba."

Da zagi ya yi, da mari ma, da Auta ya samu sauƙi. Hawaye suka zubo masa, gardi da shi, malamin makaranta, a gefen titi.

"Tashi, kar mutane su ce mun yi hatsari. Yafiya na yafe, ai ni na haife ka. Amma ba a nan za ka faɗa ba. A falo ka ƙulla, a falo za ka warware. Kira yayarka. Kuma da irin muryar ranar nan nake so, ba wannan ta marasa lafiya ba."

Auta ya kira Yaya, ya ce ta zo gida yanzu, babu wanda ya mutu, amma ta zo.

Baba ne ya ja su zuwa gida. Ya bar allura a wajen saba'in da biyu, koren lambar ta tsaya cak a kan tamanin, ko gezau. Sau ɗaya ya ƙwanƙwasa na'urar da farce ya ce, "Nawa ne wannan?"

"Ita ce mafi arha a shagon."

"Kai dai ba ka daddara da arha ba." Ya sake duban ta. "Wannan a bar ta. Tayoyin kuma Litinin, ni zan je da kaina."

Da suka shigo layinsu motar Yaya tana ƙofar gida, Inna kuma tana leƙowa ta taga, ta ga wanda ke kan sitiyari ta dafe ƙirji. Baba ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya danna maɓallin aljihun. Sannan ya cire igiyar tabarau daga wuyansa, ya naɗe ta tsaf, ya ɗora a tafin hannun Auta.

"Riƙe. Ni na gama da shi."

Ya shige gaba. Auta ya bi bayansa da tabarau a hannu, ya tarar Baba har ya zauna a kujerar da ya zauna ranar, Yaya a tata, Inna a bakin ƙofar kicin. Wurinsa kawai aka bari, kuma duk shi suke kallo.